Wankin ƙoda a Damagaram: kafin a ƙera sabon inji, a fara sanin abin da majinyaci ya rasa

Injin wankin ƙoda da asibitocinmu ke aiki da shi an zana shi ne don wani gari dabam. Garin da fanfo ba ya ƙafewa, wuta ba ta ɗaukewa, motar kaya tana isowa kowane mako, majinyaci kuma gidansa ba shi da nisa da asibiti. Damagaram ba haka take ba, Maradi da Tawa da Difa ma ba haka suke ba. Saboda haka duk wanda ke son ƙirƙiro wani abu da zai amfani masu ciwon ƙoda a nan, aikinsa na farko ba zane ba ne, ba kuma haɗa ƙarfe da waya ba ne. Sai ya fara gano buƙatar da injin yau bai biya ba, ya kira ta da sunanta, ya kuma san wa take damu. Masu ƙera kayan asibiti sun daɗe da gane cewa a wannan mataki ne yawancin ƙirƙira ke gyaruwa ko ta lalace.

Ƙoda biyu masu lafiya suna tace ruwan jini da ya kai lita 180 a kowace rana, su mayar da kusan dukansa cikin jiki, su fitar da lita ɗaya da rabi ko makamancin haka a matsayin fitsari. Ban da tacewa, su ne ke daidaita gishirin jiki da hawan jini, su ne kuma ke aika wa ɓargo saƙon ya ƙera jini. Inji yana yin ɓangare ɗaya ne na wannan aiki. Yana jan jinin mutum, kimanin mililita 300 a minti, ya bi da shi ta cikin wata matata mai siraran zaruruwa wajen dubu 10, yayin da wani ruwa na musamman ke gudana a bayan zaruruwan yana ɗebe dattin. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce zama 3 a mako, kowane zama awa 4. Awa 12 ke nan cikin awa 168 da ke mako. Sauran lokacin duka datti da ruwa suna taruwa ne a jiki. A ƙasashe da yawa na Afirka ma zama 2 ake samu a mako, don injin bai isa ba ko aljihu bai kai ba.

Tarihin wannan inji kansa ya nuna yadda gano buƙata ke ja gaba. Willem Kolff ya haɗa na farko a ƙasar Holan a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, kuma sai a 1945 aka samu majinyaciya ta farko da ta rayu saboda shi. Amma shekara da shekaru bayan haka, ba a iya riƙe mai ciwon ƙoda na dindindin da inji ba. Matsalar ba ta matata ba ce. Kowane zama sai an yanka an buɗe jijiya, jijiyoyin mutum kuwa ƙidayayyu ne, in sun ƙare shi ke nan. Belding Scribner a birnin Siyatil na Amurka ya gane cewa abin da aka rasa shi ne ƙofar shiga jini da za a buɗe a rufe ba tare da ta lalace ba. A 1960 ya sa wa wani majinyaci ɗan bututun roba a hannu, mutumin ya ƙara shekara 11 a duniya. A 1966 kuma James Cimino da Michael Brescia da abokan aikinsu a Niyok suka zo da dabarar ɗinke jijiyar da ke kawo jini da wadda ke mayar da shi a wuyan hannu, abin da ma'aikatan lafiyarmu ke kira fistil. Da waɗannan mutane sun tsaya kan ƙara wa matata ƙarfi, da an ci gaba da binne majinyata da inji mai kyau a gefensu.

A jami'ar Stanford ta Amurka, tun farkon shekarun 2000, wani likitan zuciya mai suna Paul Yock ya mayar da wannan tunani darasi. Ɗalibansa ba sa fara zana komai sai sun yi makonni a asibiti suna kallo kawai. Daga nan su rubuta kowace buƙata a jimla guda mai ɗauke da abu uku: mece ce matsalar, su wane ne take samu, kuma wane sauyi ake so a gani wanda za a iya aunawa. Sharaɗin shi ne kada maganin ya shiga cikin jimlar. Idan aka ce «muna buƙatar ƙarin inji 20», an riga an zaɓi magani, an rufe ƙofar tunani. Idan kuwa aka ce «ana buƙatar hanyar cire datti daga jinin macen da ƙodarta ta tsaya bayan haihuwa, a asibitin da ba shi da ruwan fanfo tsayayye, domin ta kai lokacin da ƙodar za ta farfaɗo», to hanyoyi da dama sun buɗe, wasu ma ba su da alaƙa da inji.

Dalilin da ya sa kallo ya fi tambaya shi ne, mutum yakan saba da wahala har ya daina ganin ta a matsayin wahala. Ka tambayi ma'aikaciyar jinya me ke damun ta, za ta ce kayan aiki. Amma ka zauna kusa da ita da safe, za ka ga ta ɗora yatsu uku a hannun wani dattijo tana neman inda jijiyar ke kaɗawa, ta soka allura ta farko ba ta shiga ba, wurin ya kumbura, ta danne da auduga tana cewa, «Sannu Baba, yi haƙuri, bari mu gwada sama kaɗan.» Shi kuma ya kawar da kai ya ce, «Ba komai ƴata, yi aikinki.» Minti ashirin sun tafi, na layi na biyu yana jira a waje, fistil ɗin da aka sha wahala kafin a samu kuma ya ƙara rauni. Ba wanda zai rubuta wannan a rahoto, amma buƙata ce tsantsa. Haka nan duk inda ka ga an ɗaure wani abu da filasta, ko an rubuta gargaɗi da hannu an manna a jikin inji, to masu aiki ne ke nuna inda zanen ya gaza.

Su ma majinyata abin da ke gabansu ya sha bamban da abin da likita ke aunawa. Wani babban shiri na ƙasa da ƙasa mai suna SONG ya tattara ra'ayin masu wankin ƙoda da iyalansu da likitoci kan abin da ya kamata kowane bincike ya duba. Gajiya ta fito cikin abubuwa huɗu na farko, tare da ciwon zuciya, da lafiyar ƙofar shiga jini, da mutuwa. Likita yana duba takardar awo ya ga lambobi sun yi kyau, mai jikin kuwa tunaninsa ko zai iya komawa rumfarsa a Kasuwar Dole bayan an cire shi daga inji, ko kuwa kwanciya ce har gobe.

In aka zo kan Damagaram, ruwa ne farkon magana, kuma ba sabon zance ba ne. Garin yana zaune kan dutse, ruwan da yake sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar lokacin da Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. To ga lissafin inji: ruwan wanki yana gudana mililita 500 a minti, cikin awa 4 lita 120 ke nan. Wannan kuma tataccen ruwa ne. Na'urar da ke tace shi tana zubar da rabi ko fiye na abin da ya shige ta, ga kuma ruwan ɗauraye inji da kashe ƙwayoyin cuta tsakanin majinyaci da majinyaci. In aka haɗa, zama guda yana iya cin lita 500, wato bido 20 masu lita 25. Ɗaki mai inji 10 da ke karɓar layi biyu a rana yana iya shan lita dubu 10 kafin magariba, a garin da mata ke jeran bido tun asuba a watan Afrilu da Mayu.

Yawan ruwan ma bai kai ingancinsa haɗari ba. Mai lafiya yana shan wajen lita 14 a mako, kuma hanji da hanta suna tare masa abubuwa da yawa. Mai wankin ƙoda jininsa yana gogayya da lita 360 a mako, tsakaninsu ƴar siririyar fata ce kawai. Sinadarin kulorin da ake zubawa don tsabtace ruwan sha, in ya tsallake matata, yana fasa ƙwayoyin jini. A garin Karuwaru na ƙasar Barazil a 1996, an kawo wa wata cibiya ruwa a tanka daga tafkin da gansakuka mai dafi ta mamaye, fiye da mutum 50 suka rasu. Duk inda ake cike gibin fanfo da tankar ruwa, wannan labari ya shafe su. Don haka buƙatu biyu ne a nan, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Ta farko, hanyar wanke jini da ruwa kaɗan. Ta biyu, hanyar da ma'aikaci zai san cikin mintuna, kafin ya jona mutum, cewa ruwan yau lafiya yake, ba sai an aika samfuri wani gari an jira sakamako ba.

Ta farkon ba mafarki ba ce. Tun 1973 aka fitar da wani inji mai suna REDY wanda ke aiki da lita 6 kacal: ruwan da ya ɗebo datti yana bi ta wani gwangwani mai gawayi da wasu sinadarai da ke kama dattin, sai ya dawo a sake amfani da shi. Ya ɓace daga kasuwa saboda tsadar gwangwanin da wasu matsaloli, kuma saboda ƙasashen da ke sayen inji ruwa bai dame su ba. Abin da ya zama ƙaramar riba a can, a nan shi ne bambancin a buɗe ɗakin wanki a Gure ko Tanut ko kada a buɗe. Ruwan da na'urar tacewa ke zubarwa kuma bai taɓa jinin kowa ba. Asibitoci a Ostareliya sun daɗe suna tara shi don wanki da ban-ruwa. Wannan tanki da bututu kawai yake so.

Sai wuta da zafi. Kowa a nan ya tuna abin da ya biyo bayan watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turowa, ba ta dawo da ita ba sai a watan Maris na 2024. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar zama, akwai jinin mutum kusan kofi guda a cikin bututu a wajen jikinsa. Batirin inji yana riƙe famfon jini na ƴan mintuna ne. In janareta bai tashi ba, ma'aikaci zai kama ɗan hannun juyawa ya riƙa murza famfon a hankali yana mayar da jinin kafin ya daskare, ƙararrawar inji biyar ko shida tana kuka lokaci guda, shi kuwa hannu biyu gare shi. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: injinan an yi su ne su ɗumama ruwa zuwa zafin jiki, ba su san sanyaya shi ba. A lokacin bazara da zafi ke haura digiri 40, ruwan da ya wuni a tanki a rana yana iya shigowa da zafin da inji zai ƙi karɓa. Wanda ya zana shi a Jamus ko Japan bai taɓa tsayawa kusa da tankin ruwa a Damagaram da azahar ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ba wanda ya kai masa wannan buƙata a rubuce.

Kayan da ake jefarwa bayan kowane zama su ne ke cin kuɗin, ba injin ba. Matata, bututun jini, allurai, jarkokin ruwan sinadari, maganin hana jini daskarewa, duka daga waje suke zuwa. Nijar ba ta da teku, kuma tun da hanyar Kwatano ta toshe a 2023 kaya ke zagayowa ta Lome da Burkina Faso kafin su kama doguwar hanyar gabas. Jarkar sinadari mafi yawanta ruwa ne, wato ana biyan kuɗin mota don a ɗauko ruwa daga bakin teku. Akwai garin sinadari busasshe da ake damawa a asibiti, amma yana son na'urar damawa da awo mai inganci. Ga kuma ɗabi'ar kamfanoni ta yin bututun da ba ya shiga injin kowa sai nasu, har asibiti ya wayi gari da inji iri uku na kyauta, kowanne da kayansa, in na ɗaya sun ƙare na ɗayan ba sa ceton sa. A 2024 gwamnati ta soke jika 150 da ake karɓa daga mai fara wankin ƙoda, abin da ya sauke wa iyalai nauyi ƙwarai. Sai dai kuɗin mota, da masauki, da magani, da awon jini, da sana'ar da ta tsaya, suna nan a wuyan dangi.

Maganar ƙofar shiga jini, wadda Scribner ya fara warwarewa fiye da shekara sittin da suka wuce, har yanzu ita ce ke kashe mutane a nan. Fistil yana son likitan fiɗa da ya ƙware, yana kuma son makonni 6 ko fiye kafin ya nuna a fara soka shi. Wannan yana yiwuwa ne ga wanda aka gano ciwonsa da wuri. Mu kuwa yawancin majinyatanmu suna isowa ne jiki ya kumbura, numfashi na sama-sama, ana amai, sai a zura musu katetar, wato bututun jan jini da mayar da shi, a jijiyar wuya ko ta cinya a take. Katetar ta wucin gadi an yi ta ne don kwanaki ko ƴan makonni, amma rashin mafita yakan sa ta daɗe fiye da haka, ga gumi, ga ƙurar hunturu, ga wanka da bokiti. Ƙwayar cuta ta bi ta bututun ta shiga jini kai tsaye, sai ka ga mutum yana rawar sanyi ana tsakiyar zama. Abin da ake nema shi ne hanyar kare bakin katetar daga cuta a jikin mai gumi da ke zaune a ɗakin ƙasa, da kuma hanyar da ma'aikaciyar jinya za ta ga jijiya kafin ta soka. Ƙananan na'urorin hoto da ake jonawa da wayar hannu sun riga sun wanzu. Abin da ya rage shi ne farashi, da juriya, da koyarwa.

Akwai wata wahala da sai wanda ya zauna da majinyaci a gida yake sanin ta, wato ƙishirwa. Wanda ƙodarsa ta daina fitar da fitsari ana ce masa kada ya wuce ɗan ruwa kaɗan a wuni, a garin da mai lafiya ke shanye buta biyu kafin la'asar. In ya sha da yawa, ruwa ya taru a huhu. In inji ya janye da yawa, jini ya faɗi, jijiyar ƙafa ta ɗaure, ido ya yi duhu. Yawan ruwan da za a cire kuwa har yau kusan kintace ne: sikeli, da duban ƙafa, da ƙwarewar ma'aikaci. Ga sinadarin fotasiyom da ke cikin dabino da ayaba da dankali da tumatir, wanda in ya taru yana tsayar da zuciya ba sallama. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2011 ya nuna cewa mutuwa ta fi yawa a ranar da ta biyo bayan hutu mafi tsawo tsakanin zama biyu, kuma can hutun kwana biyu ake magana. Mai zama 2 a mako hutunsa ya fi haka. Hanyar da mutum zai auna fotasiyom ɗinsa da ɗigon jini a gida ko a asibitin unguwa, yadda mai ciwon suga ke auna nasa, tana cikin buƙatun da duniya duka ke jira.

Nisa kuma yana yanke hukunci kafin likita ya yanke. Tsakanin Damagaram da Yamai kusan kilomita 900 ne, kuma ko da akwai sashen ƙoda a babban asibitin Damagaram, jihar kanta faɗi gare ta. Mutumin Tasker ko Belbeji ko Dungas da aka ce ya zo sau biyu ko uku a mako har ƙarshen rayuwarsa, an ce masa ne ya bar gona da dabbobi ya tare a birni. Da yawa sukan yi ƴan zama, kuɗi su ƙare, a koma gida. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2015 ya ƙiyasta cewa a 2010 mutum miliyan 2.6 ne ke samun wankin ƙoda ko dashe a duniya, yayin da aƙalla miliyan 2.3 suka mutu don ba su samu ba, mafi yawansu a Asiya da Afirka.

A nan ne wankin ciki ya shigo, wanda a ganina ba a ba shi haƙƙinsa a ƙasarmu ba. Maimakon a fitar da jini, ana zura bututu mai laushi a ciki, a zuba ruwa lita 2 mai suga da gishiri, fatar da ta lulluɓe hanji ta yi aikin matata, bayan ƴan awoyi a juye a sake sabo. Henry Tenckhoff ya fito da bututun a 1968, a 1976 kuma Popovich da Moncrief suka tsara yadda mutum zai yi wa kansa sau 4 a rana a gida. Ba ya son wuta, ba ya son allura, ba ya son inji. Abin da ya hana shi yaɗuwa a Afirka abu biyu ne. Jakunkunan ruwan daga waje ake kawo su: lita 8 a rana, kusan tan 3 a shekara ga mutum ɗaya. Sannan in hannu ko iska suka sa ƙwayar cuta ta shiga wajen jona bututu, ciki ya kamu. To ga buƙatu biyu a fili: hanyar yin ruwan nan mai tsabta a kusa da majinyaci, da mahaɗin bututu da zai jure gidan da ba fanfo. A 2015 wata cibiyar bincike ta Ostareliya da ƙungiyar likitocin ƙoda ta duniya suka sa gasar dala dubu 100 ga wanda zai kawo wankin ƙoda mai araha. Injiniya Vincent Garvey ya ci gasar a 2016, kuma abin da ya kawo ba sabon inji ba ne: ƴar na'ura ce mai aiki da hasken rana da ke tsarkake ruwa a cika jakunkunan wankin ciki da shi. Tsakanin cin gasa da isowa ƙauye akwai tafiya mai tsawo ta gwaji da izini, amma ya karanta buƙatar daidai.

Duk abin da ya gabata ya fi shafar wanda ƙodarsa ta mutu gaba ɗaya. Akwai wani rukuni da nake ganin shi ya kamata a sa a gaba, wato waɗanda ƙodarsu ta tsaya farat ɗaya amma tana iya tashi. Macen da ta zubar da jini wajen haihuwa ko jijjiga ta kama ta, yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa mugun kamu a watan Satumba, wanda gudawa da amai suka tsotse, manomin da maciji ya sara, wanda ya haɗiyi ƙwayoyin kashe ciwo na masu talla ko wani jiƙo mai ƙarfi alhali jikinsa ba ruwa. Waɗannan ba wankin shekaru suke so ba. Kwana biyar, kwana goma, mako biyu, sai fitsari ya dawo, mutum ya koma gidansa da ƙodarsa. Yaro ƙarami kuwa injin manya ma bai dace da shi ba, domin jinin da bututun ke ɗauka ya yi wa jikinsa yawa. Shirin Saving Young Lives, wanda aka fara a 2012, ya koyar da likitoci da ma'aikatan jinya a ƙasashen Afirka da Asiya yin wankin ciki ga irin waɗannan, kuma a wani asibitin mishan da ke Mbingo a Kamaru an ceci rayuka da ruwan da aka haɗa a wurin daga ruwan ƙarin da kowane asibiti ke da shi da kuma suga. Ƙungiyar masana wankin ciki ta duniya ta amince da wannan dabara inda ba a da jakunkunan kamfani. Abin da ya rage shi ne a mayar da dabarar kaya guda a ƙunshe, bututu da ma'auni da umarni a sarari, wanda asibitin Magarya ko Matamai zai ajiye a kabad ya buɗe da tsakar dare.

Kafin wannan ma akwai ganewa. Ƙoda ba ta kuka da wuri; awon da ake dogaro da shi, na kiriyatinin, wani datti da ƙoda ke cirewa daga jini, ba ya tashi sosai sai kusan rabin aikinta ya tafi, kuma a ƙananan asibitocin karkara awon ma babu. Hawan jini, ciwon suga, amosanin jini da tsargiya suna cin ƙoda shekaru a ɓoye. Na'urar hannu mai auna kiriyatinin da ɗigon jini tana nan a kasuwa, sai dai ƴan takardun awonta suna da tsada kuma ba sa son zafi. Takardar awo da za ta jure ɗakin majo a watan Mayu ba tare da firji ba, ƙila ta fi kowane inji rage yawan masu isowa a makare.

Idan an tara buƙatu, sai a tace su, don ba duka za a kama lokaci guda ba. Tambayoyin da ake yi sanannu ne: mutum nawa abin ya shafa, me zai faru da su in ba a yi komai ba, me ake da shi yanzu kuma me ya hana shi aiki, wa zai biya, wa zai gyara in ya lalace. Da wannan awo, ƙodar da ake ɗaurawa a ƙugu, wadda Victor Gura ya gwada a kan mutum 7 aka buga sakamakon a 2016 bayan an dakatar da gwajin saboda matsalolin na'ura, da ƙodar dashe ta roba da Shuvo Roy da William Fissell ke aiki a kanta a Amurka, abin fata ne nagari, amma ba su ne na gaba a layinmu ba. Na gaba su ne awon ganewa da wuri, da ƙunshin wankin ciki na gaggawa, da ruwan wankin da aka yi a gida Nijar. Bayansu kariyar katetar, sannan inji mai shan ruwa kaɗan da ke jure zafi da yankewar wuta.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan aiki na gano buƙata ba ya son ɗakin bincike mai tsada. Jami'ar André Salifou tana da ɗaliban likita, garin yana da matasa masu ilimin lantarki da kanikanci, akwai masu gyaran injinan asibiti da suka san kowace ƙara da inji ke yi. A haɗa ɗalibin likita da ɗalibin fasaha, da izinin asibiti da yardar majinyata, su zauna a ɗakin wanki da littafi, su rubuta sau nawa wuta ta yanke, zama nawa aka soke kuma don me, katetar nawa ta kamu, wane ne ya daina zuwa kuma daga wane gari yake. Su bi wasu har gida su ga inda ake ajiye ruwa da inda ake wanka. A watan Mayun 2025 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙuduri na farko kan lafiyar ƙoda, abin da zai sa masu ba da kuɗi da masu ƙera kaya su fara tambayar ƙasashe irin tamu me suke so. Ranar da tambayar ta iso Damagaram, ya kamata a miƙa musu jerin buƙatu a rubuce, kowace da adadin mutanen da ta shafa da sharuɗɗanta: zafin da na'ura za ta jure, ruwan da za ta sha, awoyin da za ta yi ba wuta, da kuɗin da zama guda ba zai wuce ba.